Mun Ɗauka Iska Ce, Ashe Maganin Amai Ne

'Yar fari ce, don haka ba zan kama sunanta ba. A lokacin da abin ya faru shekararta tara, tana aji huɗu na firamare, siririya, mai ɗan karen surutu. Watan Afrilu ne na 2017. Bazara ta kai bazara a Funtuwa, irin zafin da ruwan randa ma yakan yi ɗumi kafin la'asar, mangwaro ya cika kasuwa. A shekarar ce kuma sanƙarau ya yi tsanani a Zamfara, ya bazu Sakkwato da Kabi da Neja da nan Katsina. Mu da hanyar Gusau ta ratsa garinmu, kullum kunnenmu na kan rediyo. Na kawo wannan ne domin tsoron sanƙarau shi ya kai mu asibiti a daren da zan ba da labari, ba wata dabara tawa ba.

Ranar Asabar muka je biki a bayan layinmu. Yara suka ci shinkafa, suka sha zoɓo da ƙanƙarar leda son ransu. Da asubahin Lahadi yarinyar nan ta tashe ni da amai. Kafin azahar ta yi sau biyar, ga ɗan zawo kaɗan. In na ba ta koko ya dawo, in ta kwankwaɗi ruwa ya dawo. Duk uwa ta san yadda zuciya take yi a irin wannan hali. Ba abin da kike so a duniya sai aman ya tsaya, yanzu-yanzu, ko da me.

Da la'asar na ja ta zuwa kemis ɗin bakin titi. Duk unguwa "Dakta" muke ce wa mai shagon. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba. Yakan ba da magani bashi, in an buga masa ƙofa tsakar dare yakan buɗe. Na ce masa amai take yi. Bai tambayi shekarunta ba, bai ɗora ta a sikeli ba, ni ma ban ga abin tambaya a nan ba. Ya yi mata allura, ya yanko wasu ƙananan fararen ƙwayoyi daga jikin falle da almakashi, ya zuba a 'yar leda, ya ja layi uku da biro: safe, rana, dare. Da na ga ƙwayar sai hankalina ya kwanta, don na san ta. Lokacin cikin ɗana na uku na yi laulayi mai tsanani, ko ƙamshin daddawa na ji sai zuciyata ta tashi, likita a wurin awo ya rubuta min ita, kuma wallahi na ji daɗinta. Sai na ce a raina, abin da ya yi min magani ai zai yi wa 'yata.

Aman kuwa ya tsaya cak. Ta sha ɗaya daren Lahadi, ta sha ta safe da ta rana ranar Litinin, na ƙara mata ɗaya da yamma. Har na yi wa Abbansu albishir cewa an samu sauƙi.

Ana idar da sallar magariba tana zaune a tabarma a tsakar gida, littafinta a cinya. Ƙaninta ya ce, "Umma, kalli Yaya tana wasa da wuyanta." Na waiwaya da niyyar yi mata faɗa. Sai na ga kanta ya karkace ya kwanta kan kafaɗar dama, haɓarta ta ɗago sama. Idanunta sun ƙafe a sama, fari kawai ake gani da ɗan gefen baƙi. Harshenta ya turo waje, yawu na zuba a gaban rigarta. Na kama kan da hannu biyu in miƙar, na ji shi kamar icce. Na kira ta, na jijjiga ta, wani gurnani kawai take yi ta maƙogwaro. Abin da ba zan manta ba har in koma ga Allah shi ne hawayen da ke gangarowa ta gefen idon nan da ya ƙafe.

Ihuna ya fito da surukata daga sashenta. Hajiya na ganinta ta ɗauki salati, ta ce, "Ina yarinyar nan ta je da magaribar nan? Ta zuba ruwan zafi a kwata ne?" Nan da nan aka ɗebo garwashi, aka zuba habbatussauda da tazargade, hayaƙi ya turnuƙe. Abbansu ya shigo daga masallaci ya durƙusa yana tofa mata Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. Aka tura yaro ya kira malam mai ruƙiyya. Ni kaina a wannan lokaci ban yi shakka ba iska ce. Yarinyar da ta warke, take karatunta lafiya lau, a ce cikin minti biyu ta koma haka, kuma da magariba? Me mutum zai ce?

Cikin matan da suka cika gidan akwai wata maƙwabciyarmu da ƙaninta ya rasu a annobar sanƙarau ta 1996. Ita ce ta taɓa wuyan, ta dubi Abbansu ta ce, "Malam, don Allah ku tafi asibiti. Wuyan nan ba ya lanƙwasa, kuma kun ji abin da ake ciki a Zamfara." Abbansu ya juya wurin mahaifiyarsa ya ce, "Hajiya, a yi mana izini mu je a duba ta. Addu'a a hanya ma ba za mu fasa ba." Hajiya ba ta ce komai ba, mayafinta kawai ta jawo, ita ta fara shiga motar maƙwabcin da ya kai mu. Ita ta rungume yarinyar har muka isa.

Wata matashiyar likita muka tarar a ɗakin agajin gaggawa. Ta auna zafin jiki, babu zazzaɓi. Ta haska idon da 'yar fitila. Sannan ta sa yatsanta a tafin hannun yarinyar ta ce, "'Yan mata, in kina ji na ki matse." Sai na ga 'yan yatsun nan sun damƙe. Likitar ta ɗago ta ce min, "Maman yarinya, wane magani kuka ba ta?" Na ce farasitamol ne kawai. Ba ƙarya na yi niyya ba, ko kusa ban haɗa abin da maganin amai ba, don a wurina wannan zance ya wuce tun jiya. Ta sake tambaya. A karo na uku ta ce, "Ki tuna da kyau. Ta yi amai kwanan nan? An yi mata allura?" Sai na ji gabana ya faɗi. Na zazzage jakata, ledar ta faɗo da sauran ƙwaya biyu. Ta juya bayan fallen ƙarƙashin fitila. Almakashi ya cinye rabin sunan, amma abin da ya rage ya ishe ta. Ta ce, "Nawa ta sha?" Na ce huɗu, ban da allura. Ta sa Abbansu ya hau sikeli da ita a hannu, ya sauka ya hau shi kaɗai. Kilo 24.

Aka yi mata allura ta jijiya. Muka tsaya kewaye da gadon, ba mai magana sai Hajiya da ke jan carbi. Ba a yi minti ashirin ba na ga haɓar ta fara saukowa. Harshen ya koma. Idanun suka sauko suka tsaya a kaina. Ta buɗe baki da ƙyar ta ce, "Umma, duk ina jin ku. Na kasa magana ne. Hayaƙin nan yana shaƙe ni." Hajiya ta fashe da kuka, ni kuwa ƙafafuna suka kasa ɗauka ta, na zauna a ƙasa.

Da hankali ya dawo jiki likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani, kuma daga baya, da yake koyarwa nake yi, na bi na karanta da kaina har na gamsu. Sunan maganin yadda ake rubuta shi a kwali Metoclopramide, kamfanoni kuma suna sayar da shi da sunaye daban-daban. Aiki biyu yake yi. Yana tura abinci ya bar tumbi ya gangara hanji da wuri, shi ya sa ake ba masu kumburin ciki. Yana kuma hawa ƙwaƙwalwa ya toshe hanyar wani sinadari mai suna dofamin a daidai wurin da ke tayar da amai. To amma wannan dofamin ɗin shi ne kuma yake daidaita motsin tsokar jiki. In toshewar ta yi yawa sai tsokar wuya da ta ido da ta harshe da muƙamuƙi su ɗaure, mutum yana cikin hayyacinsa amma jikinsa ya ƙi bin umarninsa. Yara da matasa ya fi yi wa haka, musamman mata, kuma yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku da fara sha. Yakan faru ko da an ba da daidai ƙima, balle an zarce. Ƙwayar da aka ba mu miligiram 10 ce, ƙimar babban mutum. Yarinya mai nauyin 'yata rubu'in ƙwayar ne rabonta, shi ma sai likita ya ga babu makawa. Ninki huɗu ke nan na riƙa ɗura mata da hannuna, ina ba ta ruwa ta kora. Tun 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, kada kowa ya sha shi fiye da kwana biyar a jere, yara kuma kada ya zama shi ne abin da za a fara ɗaukowa. Shekara huɗu ke nan kafin abin ya same mu, amma labarin bai iso kemis ɗin bakin titinmu ba.

An kwantar da mu har washegari, saboda likitar ta ce maganin bai gama fita daga jiki ba, ɗaurewar na iya dawowa. An gwada jini, babu maleriya. Ta ce abin da ya sa aman tun farko ɗan ciwon ciki ne daga abin da aka ci ko aka sha, irin wanda yakan wuce da kansa cikin kwana biyu ko uku. Abin tsoro a cikinsa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma shi ne ban yi komai a kai ba.

Wata dattijuwar nas mai aikin dare ita ta koya min abin da ya kamata in sani tun haihuwata ta fari. Ta kawo ƙullin garin gishiri da sukari, wanda ake ce wa ORS, ta juye shi cikin ledar fiya-wata biyu, wato lita ɗaya, ta miƙo min cokalin shayi. Na ce mata, "Anti, ai in ta sha dawowa yake yi." Ta ce, "Da me kike ba ta?" Na ce da kofi. Ta ce, "To shi ya sa. Tumbin da ya fusata ba ya karɓar kofi. Cokali ɗaya, ki ƙirga minti ɗaya ko biyu, ki ƙara. In ta amayar ki dakata minti goma, ki ci gaba a hankali fiye da da. Abin da ke zama ya fi abin da ke fita." Ta ce in babu na ƙulli, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa a sa sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokali, kada a ƙara gishiri da sunan ƙarfi, kuma abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Ta haɗa mana da ƙwayar zink ta kwana goma saboda zawon. Hajiya na gefe tana saurare, sai ta ce, "Ikon Allah. Ai wannan tun zamanin Babangida ake shelarsa a rediyo, lokacin ministan nan likitan yara. Da shi na raini Abbansu da ƙannensa. Yaushe muka bar shi?" Farfesa Olikoye Ransome-Kuti take nufi, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992.

Tambayar Hajiya ta daɗe tana yi min yawo a rai. A ganina mun bar shi ne don ba ya kama da magani. Ba allura ba ne, ba shi da kwali mai ƙyalli, kuma yana cin dare guda na uwa. Alhali hikimar da ke cikinsa babba ce: sukarin ne ke jan gishiri ya ratsa bangon hanji, gishirin kuma ya ja ruwa ya bi shi, ko da cikin yana zawo. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta afka wa sansanin 'yan gudun hijira, ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama wannan haɗi a manyan durom dangi suna ba marasa lafiyarsu. Mace-mace suka sauko daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Abin da ya ceci masu kwalara ke nan, ni kuma na raina shi a kan aman zoɓon biki.

Bayan mako guda na koma wurin Dakta, ni da Abbansu. Ba faɗa ya kai mu ba. Na ajiye masa ragowar ƙwayar na ba shi labari tun daga farko. Mutumin nan ya yi shiru, ya cire hula ya goge zufa, ya ce, "Malama, ku yafe ni. Wallahi shekara da shekaru haka nake bayarwa, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce min ga abin da ya faru." Na yarda da shi, kuma maganarsa ta fi komai tayar min da hankali. Wa zai dawo? Wanda ɗansa ya ƙafe da magariba ba kemis yake tunawa ba. Kuma ɗaurewar nan, in an daina shan maganin, takan saki da kanta bayan sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu. Da malam ya riga mu isowa a daren nan, da ya yi karatunsa, da gari ya waye wuya ya saki, da har yau 'yata tana ɗauke da sunan mai iska. Da an yi ta yi mata hayaƙi, da ƙawaye sun guje ta, da ranar da aka zo neman aurenta wani ya raɗa wa dangin mijin. Ni ban musanta aljanu ba, Alƙur'ani ya ambace su, kuma ban daina yi wa 'ya'yana tofi ba. Amma yanzu duk yaron da aka ce min ya ƙafe, tambayata ta farko ita ce ta likitar nan: me aka ba shi jiya da shekaranjiya?

Abin bai tsaya kan yara ba. A hanyarmu ta dawowa Abbansu ya ce min shi ma yana shan ƙwayar. Ya daɗe yana fama da ƙwarnafi da kumburin ciki, in ya ci tuwon dare sai ya yi ta gyatsa mai tsami, ya kasa kwanciya. Ya sha jiƙon kanwa har ya gaji, ya sha farin maganin nan na kwalba mai kama da alli, sannan aka ba shi wannan, yakan yi makonni yana sha. Shi kuwa dogon shansa wata illar ce daban: leɓe da harshe su riƙa motsi da kansu kamar mai tauna, kuma wani ba ya warkewa ko an daina. A kan haka hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani a 2009. Na matsa masa ya je asibiti. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar nan da ke zama a tumbi tana haddasa gyambon ciki. Aka ba shi magungunan kashe ta haɗe da mai rage tsamin ciki na mako biyu, aka hana shi magungunan ciwon jiki irin su Diclofenac da yake haɗiya ba ko karin kumallo, aka ce ya daina kwanciya da zarar ya tsame hannu daga kwano. Shekara nawa yana danne alama, ciwon na nan zaune.

Akwai wasu guda biyu da nake gani a gidajen mutane, ina kuma faɗa duk inda na gani. Ɗaya Promethazine na ruwa, da ake ba jarirai wai don amai, wasu ma don yaro ya yi barci uwa ta samu ta yi aiki. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyu, yana iya danne numfashi. Ɗayan Domperidone, ɗan'uwan wanda ya kama 'yata. Shi bai cika hawa ƙwaƙwalwa ba, amma yana iya taɓa bugun zuciya, kuma tun 2019 a Ingila aka daina ba yara 'yan ƙasa da shekara 12. Duka magunguna ne na gaskiya, suna da ranarsu. Na ga wadda ake yi wa maganin sankara, ba don maganin amai ba da ko ruwa ba zai zauna mata ba, ni ma ya taɓa fitar da ni daga laulayi. Sai dai wanda ya san nauyin mai sha da dalilin aman shi ya kamata ya yanke. Kuma akwai aman da ba a zama da shi a gida ko da cokalin ne: wanda ya fito kore ko da jini, wanda ya zo da zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, wanda ya biyo bayan buguwa a ka, ko yaro ya yi laushi, ido ya faɗa, ya wuni bai yi fitsari ba. A rufe bakin irin wannan da ƙwaya, ɓata lokacin da ba a da shi ne.

Da yarinyar nan za ta tafi makarantar kwana, na rubuta sunan maganin da manyan baƙaƙe a cikin murfin akwatinta, na rubuta a ƙasa cewa kada a ba ta, na kuma je na gaya wa mai kula da ɗakin shan maganinsu baki da baki.

Hutun bazarar bara autana, ɗan shekara huɗu, ya tashi da amai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Na taɓa jikinsa ba zafi, na lanƙwasa wuyansa ya lanƙwasu. Kafin in sauko daga gado yayarsu ta riga ta fasa leda biyu a jug, tana juya garin da ludayi. Muka zauna a tabarmar tsakar gida, shi a cinyata, ita riƙe da kofi da waya tana duba minti. Ya amayar sau biyu, kowane karo muka dakata goma muka ɗora. Wajen ƙarfe biyu ya fara buɗe baki da kansa in ya ga cokalin. Na ce ta je ta kwanta, ta ce a'a. Can gab da kiran assalatu na ji ɗumi ya ratsa zanena har cinya. Na ɗaga shi na duba, na ce mata, "Ke, ya yi fitsari." Ta ajiye kofin, ta tashi ta ɗauko masa wani wandon.